Injin Markaɗe da 'Yan Laɓen Iska

Duk kiran da ka yi a waya, watsa shi ake a iska kamar yadda ake watsa wa kaji tsaba. Wanda ka kira zai tsinta, mai laɓe da na'urar da ta dace ma zai iya tsinta. Abin yana damuna, saboda a wajenmu Ajingi da Gaya a waya ake ƙulla cinikin hatsi da dabbobi. Kawuna yakan faɗi kuɗin da zai ɗauko, da hanyar da zai biyo, har da lokacin da zai taso.

Maganin da muka sani shi ne kulle saƙo da lambobin sirri. Amma makullin 2G ya tsufa, tun 2009 masana a Jamus suka nuna yadda ake ɓalle shi. Wayar da ke kan 2G kuma ba ta tantance eriyar da ta kama, ko ta bogi ce sai ta miƙa wuya.

A aji na fara jin wata dabarar daban, wallahi sai da na yi dariya, don iyayenmu mata sun riga Turawa. Ka taɓa lura da mata biyu a layin markaɗe? Nan ake zancen da ba a yi a tsakar gida. Ta kusa tana ji sarai, wadda ke taku uku baya kuwa ƙarar inji kawai take sha. Abin da Aaron Wyner ya tabbatar da lissafi ke nan a 1975: muddin hanyar mai laɓe ta fi ta mai saƙo hayaniya, ana iya isar da sirri ba tare da makulli ba. Daga baya injiniyoyi suka ce to ai sai mu ƙirƙiri hayaniyar da kanmu. Eriya mai baki da yawa sai ta saita saƙo ga mai shi, ta fesa ƙara sauran kusurwoyi.

Sai dai irin wannan eriyar a 5G aka fi samunta. MTN ta kawo 5G birnin Kano a 2022, mu kuwa da ka bar titi ka nufi ƙauye, waya ta koma 2G.

Wasu wayoyin Android suna da wurin kashe 2G. Na kashe a tawa ina makaranta. Na ce wa Kawu ya yi haka, ya ce, "Yaro, in na kashe, da me zan kira ka?"