Wasan da Ba Ya Gaya Maka Ko Ka Yi Daidai

Idan aka ce wasan bidiyo, yawancinmu ƙwallon da samari ke bugawa a shagunan gem ce ke zuwa mana a rai. Akwai wani nau'in kuma, wanda kake shiga rigar jarumin labari, a ba ka aiki, a bar maka zaɓin yadda za ka yi shi. Cikin irinsu da na buga, wanda ya fi zauna mini a rai shi ne The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red da ke Poland, wanda ya fito a 2015. Kai ne Geralt, mai farautar dodanni, kana neman Ciri, yarinyar da ka riƙa tamkar 'yar cikinka.

A yankin Velen, wasu mayu uku na riƙe da marayu a cikin fadama. Hanyar neman Ciri za ta kai ka wurin wani aljani da ke ɗaure a gindin bishiya, wanda mayun ke so a kashe. Shi kuma ya ce idan ka sake shi zai ceci yaran. In ka sake shi, zai cika alkawari, amma zai afka wa ƙauyen Downwarren ya karkashe mutane. Mayun kuma su huce fushinsu a kan Anna, matar da ke kula da yaran, ta mutu, mijinta ya rataye kansa. In ka kashe shi, ƙauyen ya tsira, Anna ta rayu da taɓin hankali, yaran kuwa sun tafi ke nan. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya burge ni shi ne wasan bai yi mini alama ba. A Mass Effect na 2007, amsar sassauci shuɗiya ce, ta tsauri ja, don haka ka san ɓangaren da kake kafin ka danna. A nan babu launi, kuma sakamakon sai ka yi nisa zai bayyana, lokacin da komawa baya ya yi wuya. Dole ka zauna da abin da hannunka ya yi.

Makomar Ciri ma a kan ƙananan abubuwa ta rataya. Ranar da take cikin baƙin ciki, ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita? Ka raka ta kabarin saurayin da ya taimake ta? Da za ta gana da manyan bokaye mata, ka bar ta ta shiga ita kaɗai, ko ka bi ta don ka kare ta? Wanda ya yi ta kankane komai da sunan kariya zai iya rasa ta a ƙarshe. Ni dai a nan na ga hoton tarbiyya: yaro na auna ko an yarda da shi ne a irin ranakun da mu manya ba ma ɗauka da muhimmanci.

Sai dai iyaye a kula, wasan nan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai zubar da jini da tsiraici a ciki, bai dace da yara ba. Amma idan ɗanka baligi na buga irinsa, tambaye shi me ya zaɓa da dalilinsa. Za ka ji yadda yake tunani. Allah Ya shirya mana zuri'a.