Layin Da Ya Ƙi Kwanciya

Tun muna makarantar sakandare na fara lissafin cike gurbi, ban ko san sunansa ba. A ɗan littafin nan na logaridim an rubuta 0.3010 a gaban 2.0, an rubuta 0.3222 a gaban 2.1. In ana son na 2.05, sai a raba tsakani, a sami 0.3116, alhali ainihin amsar 0.3118 ce. Saboda haka na tafi jami'a da imanin cewa in ɗigo biyu sun kawo mutum kusa haka, ɗigo goma za su kai shi har gida.

A shekararmu ta uku aka koya mana hanyar Lagrange, wadda ya buga a 1795, watau yadda za a ja lanƙwasasshen layi guda ya ratsa duk ɗigon da aka ba ka. Ran nan malaminmu ya ba mu 1/(1+25x²), daga -1 zuwa 1. Siffarsa kamar tozon sa take, tudu a tsakiya, gefe da gefe a kwance. Ya ce mu ɗauki ɗigo 11, tazararsu ɗaya.

A tsakiya layina ya bi tozon lafiya lau. Amma da na zo 0.96, inda amsa ta kamata ta zama 0.04, sai na sami 1.80. Na ce lalle hannuna ne ya zame. Kwana uku ina maimaitawa, ga ranar miƙa aiki ta matso, ga shi kuwa ni ne 'yan ajinmu ke kawo wa tambaya, kunya ta hana ni in tambayi kowa. Da na gaji na sa kwamfuta ta yi da ɗigo 21, wai ko ƙari zai gyara. Kuskure ya tashi kusan 60!

Na tafi wurin malamin, na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, na kāsa."

Ya duba takardata, ya yi murmushi, ya ce, "Ai ba ka kāsa ba. Carl Runge, Bajamushe, ya riga ka ganin wannan tun 1901."

Ashe laifin na jerin ɗigon ne. Weierstrass ya tabbatar a 1885 cewa kowane layi marar yankewa ana iya kusantarsa da irin waɗannan layuka gwargwadon yadda aka so, amma fa bai ce ɗigo masu tazara ɗaya za su kai ka ba. Ni ne na ƙara masa wannan daga kaina.

Malam ya zana rabin da'ira, ya raba bakinta daidai wa daida, ya sauko da kowane ɗigo ƙasa, sai ga su sun cunkushe a gefe, sun yi tazara a tsakiya. Waɗannan su ne ɗigon Chebyshev, mutumin Rasha. Daren nan na sake aikin da ɗigo 11 ɗin dai, ban ƙara ko ɗaya ba, kuskure mafi girma ya sauko wajen 0.11.