Homa Biyu da Gora Ɗaya

A Gwadangaji, garin da Birnin Kebbi ta yi ta miƙe ƙafa har ta cim masa, an yi zaman makokin wani dattijo bayan ɗaukewar damina. Wanda ya zauna a zauren gidan kwana uku zai yi mamakin irin masu zuwa gaisuwa. Ga manoman shinkafa abokan fadamarsa, ga liman da mutanen masallacin unguwa, waɗannan kam an san da zuwansu. Amma har da wasu tsofaffi masu kaurin wuya da suka sauko daga motar Argungu suna ɗingishi, da wani mahauci da yatsun hannunsa na dama suka kanannaɗe, da samari sanye da rigunan Arsenal da Chelsea waɗanda suka tsaya daga waje don kunyar shiga cikin manya. Kowa ya yi addu'a, sai ya kawo labari, kuma kusan duk labaran na wasa ne. Abin lura shi ne, a cikinsu babu ko ɗaya da marigayin ya yi nasara. Bai taɓa kama kifin da ya fi na kowa ba, bai taɓa zama sarkin kokawar ko da unguwa ba, ƙwallo kuwa bai taɓa sa mata ƙafa ba sai don ya mayar wa yara idan ta gangaro gabansa.

Bakabe ne, da tsagensa a kumatu, irin waɗanda yanzu ba a ƙara yi wa yara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya rayu a ƙasar Gwandu. Birnin Kebbi, tsohuwar fadar Kabawa zuriyar Kanta, ta faɗa hannun masu jihadi a 1805 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo. Sarautar Kabi ta koma Argungu, daga can kuma aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. Waɗanda suka zauna a tsohuwar ƙasar suka ci gaba da noma da su a bakin gulbin kakanninsu, ƙarƙashin sarautar da ta ci su da yaƙi. Dattijon bai ɗauki wannan da ɗaci ba. Yana gaida hakiminsa yadda ya kamata, ya aurar da 'ya'yansa cikin Fulani. Sai dai duk shekara, in lokaci ya yi, yakan ɗauki homarsa da gorarsa ya kama hanyar Argungu, tafiyar sama da kilomita 50, kamar mai zuwa gaida dangin uwa.

Labarin da ya fi so shi ne na 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su a gulbi. Daga nan ake ƙirga bikin kamun kifi na yau. Ba a haifi dattijon ba a lokacin. Mahaifinsa ne ya shiga ruwan. Amma da shekaru suka ja, sai "Baba ya ce" ta fita daga labarin, ya koma yana ba da shi kamar da idonsa ya ga rawanin Sarkin Musulmi. Jikokinsa sun san haka, ba su taɓa tona shi ba. Abin da yake so su riƙe shi ne, mutanen da kakanninsu suka yi ta zubar da jinin juna sun tsaya a gaɓa ɗaya suna kallon wa zai fito da babban kifi. A ganinsa, ƙarfin da ake kai wa fagen fama shi aka juya zuwa cikin ruwa, aka sa masa doka da alƙali da lokacin tashi. Masu tarihi za su ce zancen ya fi haka tsawo, domin Turawa sun riga sun tsayar da yaƙe-yaƙen tun farkon ƙarnin, kuma Kabawa suna da fashin ruwa da gyaran ruwa tun kafin wani baƙo ya zo kallo. Gaskiyarsu. Amma tsayar da yaƙi daban, zama a tabarma ɗaya daban, kuma wannan bambancin ya gane shi sarai.

Wanda bai taɓa ganin su a Matan Fada ba sai a hoto zai ɗauka hargitsi ne kawai: dubban maza a jere, a buga bindiga, su kwasa da gudu su afka ruwa. Dattijon yakan yi dariyar masu wannan tunani. Homa raga ce da aka ɗaura a kan sanduna lanƙwasassu, ana riƙe ɗaya a kowane hannu, a buɗe su a ƙarƙashin ruwa, a haɗe su a kan kifi. Gora kuma babbar ƙwarya ce mai ƙaramin baki, masunci ya kwanta a kanta ta ɗauke shi a inda ƙafa ba ta kai ƙasa, ƙananan kifi kuma ya jefa su ciki. Ruwan yana rikiɗa ya zama taɓo cikin ɗan lokaci, ido ba ya aiki, sai ƙafa da ƙirji da sanin halin kifi. Giwan ruwa, in ya ji tashin hankali, yana neman zurfi da gefen rami. Don haka gwani ba ya rige-rigen shiga tsakiya. Yana lura da inda taron ke kora kifin, ya je ya jira shi. Ya san duk wannan, ya koyar da shi ga mutane da yawa, wasu daga cikinsu sun fi shi sa'a.

Sau ɗaya ya kusa. Shi da wani mutum da bai sani ba suka rufe giwan ruwa ɗaya, babba, har sai da suka nutse tare suka taso tare. Mutanen garinsu suka kewaye suna ihu ya riƙe. Shi kuwa ya ji da hannunsa cewa igiyar wancan ta riga ta shiga ta bakin kifin ta fito ta kunne, sai ya saki. Kifin bai zo na ɗaya ba a ranar, amma kuɗinsa zai sayi buhunan hatsi, kuma shekarar ba ta yi albarka ba. Uwargidansa ba ta yafe masa wannan ba har ta bar duniya; duk lokacin da cefane ya gaza takan ce a je a tambayi mutumin da aka yi wa kyautar kifi. Da aka yi abin kunyar 2008, lokacin da aka ƙwace kyauta daga wanda aka sanar ya yi nasara bayan an gano mataccen kifi ne aka shigo da shi, dattijon ya ɗauka ranar wanke kansa ta zo. Ya shiga gida ya ba ta labari tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta ce ya yi sata ba, cewa ta yi ya riƙe.

Kokawa ya yi ta da ƙuruciya, a dandali bayan girbi, lokacin da samarin gari ke bin kiɗa zuwa maƙwabta su kwana uku ba su dawo ba. Da ƙarfi ya tafi sai kunne ya gaje shi. Rediyonsa ba ta rabuwa da tashar Nijar in an shiga gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta farko. Yana bin 'yan Doso da zuciya ɗaya, don a wurinsa iyakar da ke tsakanin Kabi da Doso zanen Bature ne, kuma ya rayu har ya ji Isaka Isaka yana ɗaukar takobi sau da yawa. Dambe bai kai kokawa ba a ransa, yana cewa wasan da ake kiran faɗuwa "kisa" ya yi kusa da abin da aka gudo. Duk da haka in an sa waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, ba mai iya yi masa magana sai ta ƙare.

A nan ne suka saɓa da babban ɗansa, wanda bisa al'ada bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "Malam". Ɗan ya yi karatun addini mai zurfi, ya dawo yana ganin fagen kokawa cike da layu da guraye da surkulle, ga kiɗa, ga cuɗanyar maza da mata, ga la'asar tana wucewa ba mai motsi. Ba ƙarya ya faɗa ba. Uban ma ya ɗaura laya a damtse da ƙuruciya, ya kuma san abin da Sarkin Ruwa ke yi a gulbi kafin a ba da izinin shiga. Wata rana ɗan ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, girma ya zo, ya kamata a bar wa yara wannan." Dattijon ya ce, "Malam, layar na cire ta tun ba a yaye ka ba. Kokawar ce ban ga ayar da ta hana ba." Ɗan ya san ya zo inda ba zai iya ja ba, domin shi ma ya karanta labarin kokawar Manzon Allah (SAW) da Rukana. Amma bai sauka daga ra'ayinsa kan sauran ba, uban kuma bai daina zuwa ba. Sun yi kusan shekara gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Dattijon ya taɓa sayar da buhun shinkafar da aka ajiye don iri ya yi kuɗin mota zuwa kallon kokawa, ɗan ne kuma ya nemo bashi ya cike gurbin ba tare da ya ce uffan ba.

Jikoki su suka gyara abin, ba da niyya ba. Ƙwallo ta shigo masa ta rediyo, a 1980, da Najeriya ta ci Aljeriya 3-0 a Legas ta ɗauki kofin Afirka. A 1996 ya kwana gaban talabijin ɗin maƙwabci har Kanu ya zura ƙwallon da ta fitar da Brazil, ya dawo gida yana cewa yaron nan mai dogayen ƙafafu da ɗan kokawa ne da ba mai kayar da shi. To, da gidajen kallo suka cika unguwa, sai ga babban jikansa, ɗan Malam, ya zama ɗan Arsenal na ƙin ƙari. Uban yaron ya hana, yaron ya riƙa fakewa da rakiyar kakansa. Haka tsoho mai tsage ya zama ɗan benci na gaba a rumfar kwano, ga ƙarar janareta, ga samari suna musu kan mutanen da ba su san da zaman Gwadangaji ba. Bai zaɓi ƙungiya ba. Duk wadda jikan ke so, shi yana bayan abokiyar karawarta, don wasan kaka da jika. In an ci Arsenal yakan dafa kafaɗar yaron ya ce, "Tashi mu tafi, maigidan kakarka. An kayar da waɗanda suka fi ka." Malam ya ga ɗansa na dawowa gida da wuri, ba zagi ba faɗa, sai ya kau da kai.

Akwai inda son wasan nasa ya tsaya. Wata jikarsa, wadda yake kira amaryarsa, ta fi kowa gudu a makarantarsu, malamai suka so su tafi da ita gasar jiha a filin wasa na Haliru Abdu. Ubanta ya ƙi. Yarinyar ta kai ƙara wurin kakanta, tana da tabbacin zai tsaya mata, tun da ya tsaya wa yayanta kan abin da bai kai wannan ba. Ya saurare ta, ya ba ta kuɗin alewa, bai ce wa kowa komai ba. Mutumin da ya yi shekara yana gaba da ɗansa saboda kokawa bai iya buɗe baki sau ɗaya saboda ita ba. A zaman makoki ita kaɗai ce ba ta kawo labarin wasa ba.

Gulbin ma ya canza a idonsa. Tun da aka gina madatsar Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, aka biyo da ta Goronyo a kan Rima, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama kowace shekara ta ragu, tare da ita kuma wuraren da kifi ke hayayyafa. Tafkunan da ya koyi iyo a cikinsu sun zama gonakin shinkafar rani masu injin ban ruwa. Bayan 2009 bikin Argungu ya tsaya cik, ga rashin tsaro a Arewa, ga ƙarancin ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Da jikan ya karanta masa labarin daga waya, sai ya tambaya ko mutanen sun san ba a yi. Kowace shekara yakan sauko da homa ya duba ƙullin ragar, ya shafa wa gora mai, ya mayar.

Da aka dawo da bikin a watan Maris na 2020, ƙafafunsa sun riga sun ƙi. Malam ne ya ɗauko hayar mota, ya ce zai je Argungu ganin wani abokin karatu, in Baba na so a rage masa hanya. Ba wanda ya ga abokin karatun. An zaunar da dattijon a inuwa nesa da gaɓa, inda ba ya ganin komai sai ƙura da bayan mutane. Da aka buga bindiga, ƙasa ta ɗauki rugugin ƙafafu, ya damƙe hannun ɗansa bai saki ba har hayaniyar ta lafa. A hanyar dawowa ya yi ta bayanin kuskuren da masuntan suka yi, waɗanda bai gani ba.

Ranar rabon gado an lissafa gona da gida da shanun huɗa biyu. Da aka zo kan homa da gora, mai rabon ya tambayi kuɗinsu, aka rasa mai sa musu farashi. Malam ya ce a rubuta su cikin kasonsa. Gorar tana ɗakinsa yanzu, kusa da littattafai. Homar ɗaya ragarta ta zare daga sanda, ya ba ɗansa ya kai Argungu a gyara. Masuncin da aka kai wa ya juya ta, ya ce zaren auduga ne da aka murza da hannu, su kuma yanzu da na roba suke saƙa. In ana son irinsa sai an ba shi lokaci ya tambaya a ƙauyukan bakin gulbi. Yaron ya bar masa lambar waya ya hau motar Birnin Kebbi.