Ina ruwan zai bi?

A damunar bara katangar makewayin gidanmu a Gazawa ta zube cikin dare. Da asuba Inna, kakata, ta ɗauki buta ta nufi wurin, sai ta tarar bakin ramin ya rufta. Taku biyu ya rage ta faɗa ciki. Tun ran nan ta rage cin tuwon dare, don kar larura ta fitar da ita cikin duhu. Ba ta gaya wa kowa ba, mu muka lura.

Lokacin na dawo hutu daga Yamai da ɗan abin da na tara na kuɗin karatu. Sai na hau mota na tafi Maraɗi, na sayo kwali shida na karo fari mai sheƙi, irin wanda nake gani a gidajen birni. A raina gyara ya kusa ƙarewa.

Magininmu dattijo ne, abokin mahaifina. Ya dubi kwalayen, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ina ruwan zai bi?" Na yi shiru. Ya ce, "To, aje kayan ado tukuna. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe rami da damuna. Sai ruwa ya ɗauke."

Na ji haushi wallahi, amma haka aka yi. Abin da ya yi mana a ranar shi ne ɗan makewayi na wucin gadi da zana, kusa da ɗakin Inna, don mutum goma sha ɗaya ba su iya jiran rani.

A watan Disamba aka fara aikin, ni ne mai miƙa bulo. Da farko ya auna nisa daga rijiya, ya ce kar ya gaza mita 30, kuma mazaunin kar ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya, saboda alƙibla. Aka haƙa rami, aka ɗaure cikinsa da bulo. Ruwan wanka aka yi masa nasa ramin daban, aka cika da fasassun bulo don ya riƙa tsotsewa, ya daina malala a lungu yana tara sauro. Sannan aka shimfiɗa tiyo kafin daɓe, domin wanda ya yi daɓe kafin tiyo sai ya fasa aikinsa da hannunsa. Murfin siminti kwana bakwai muna ba shi ruwa safe da yamma. Bayan nan katanga, bututun fitar da wari, kwano, ƙofa mai sakata daga ciki.

Ina miƙa bulon nan ina tunanin darasinmu na kalmomin sakaye. Dubi sunayen wurin nan: bayan gida, banɗaki, makewayi. Duk nuni ne, babu wanda ya faɗi abin da ake yi a ciki. Kunya ce, kuma kunya ado ce. Amma ina jin abin da baki ke kewayewa, lissafi ma kewaye shi yake. Mukan gyara zaure da ƙofar gida don idon baƙo, wurin da uwayenmu mata ke shiga kullum sai ya rufta ake tuna shi. Ni ma da na tashi gyaran, abin da ido ke gani na fara saya.

Da aka zo kan karo, kuɗin aiki sun ƙare. Maginin ya ce ba asara ba ce, karo mai sheƙi in ya jiƙe santsi gare shi, tsohuwa ba ta tsayuwa a kai. Ya yi daɓe mai kaushi, ya karkata shi wajen magudana, ya kafa ƙarfe a bango inda Inna za ta dafa.

Kwalayen suna nan ƙarƙashin gadona, ƙannena suna yi mini dariya. Inna kuwa ta koma cin tuwonta na dare, har da ƙari.