Brent da Darasin da Labari Ke Koyarwa

A cikin littafin The Phoenix Project, wanda Gene Kim da abokansa biyu suka fitar a 2013, akwai wani injiniya mai suna Brent. Duk abin da ya lalace a kwamfutocin kamfanin, shi ake kira. Aiki ya taru a gabansa tuli, sauran ma'aikata kuwa sun yi jugum suna jiransa. Ƙagaggen mutum ne, amma duk wanda ya taɓa aikin haɗa manhaja zai rantse ya san shi. Wannan kan sa ni tunanin yadda labari ke ratsa zuciya fiye da littafin ƙa'idoji. Tun 1975 Fred Brooks ya yi gargaɗi cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara jinkiri yake ƙara masa. Aka karanta, aka gyaɗa kai, aka ci gaba da ƙarawa. A 1997 Tom DeMarco ya rubuta The Deadline, ya kai wani manaja, Tompkins, ƙasar da babu ita a taswira, muka ga ƙananan rukunoni suna shan gaban manya. Wataƙila sirrin shi ne a labari mutum kan ga halinsa a jikin wani, babu mai nuna shi da yatsa, sai ya karɓa cikin natsuwa. Kayan aiki na sauyawa kowace shekara, amma tsoron gaya wa maigida gaskiya da yanke wa'adin da ba zai cika ba suna nan yadda suke. Galibi nan aikin manhaja ke lalacewa, tun kafin a taɓa kwamfuta.