Guru Pitka a Bolori

Fim ɗin The Love Guru na Mike Myers, wanda ya fito a 2008, shiririta ce tsagwaronta, har ya ci kyautar Razzie ta fim mafi muni na shekarar. Guru Pitka, Ba'amurken da ya tashi a Indiya, yana sayar wa masu hannu da shuni nasiha, ba shi da buri sai ya sha gaban Deepak Chopra. Na dara, amma dariyar gemu ce da karin harshe, irin wadda akan yi wa baƙo. Mu da muka girma da kallon finafinan Indiya mun san wannan ba Indiya ba ce.

Alal haƙiƙa, wanda fim ɗin ya manta da shi shi ne mai saye. A nan Bolori, tun bayan rikicin 2009, na ga iyaye mata da 'ya'yansu suka ɓace suna sayar da kayan ɗakinsu don ɗan tsibbu ya duba musu ko yaron na raye. Shi wannan ba ya bukatar gemun aro, tattausar murya ta ishe shi. Wata maƙwabciyarmu ta kai masa akuyarta ta ƙarshe, ya ce ta dawo bayan Sallah.