Fitilar Tutar Lakwal Ɗinmu

 Yau labarin na kartiyenmu ne, Zariya.

Mu da muka yi lakwal mun san dokar drapo: da safe a yi layi a ɗaga, da yamma a sauke a naɗe. Amma a wata firamare kusa da mu, tun da mai gadi ya tsufa, tutar can sama take kwana cikin duhu. A Amurka ma ƙa'idarsu ita ce in tuta za ta kwana a sanda, to a haska ta. Tamu kuwa tun 23 ga Nuwamba 1959 muke da ita, ta girmi ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Ga hoton rana a tsakiyarta, ga ta a duhu. Abin ya tsaya mana a rai.

Sai muka yi karo-karo, wani jika guda, wani dala ɗari. Zancen jawo kuran bai ma taso ba. Ba mu manta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta ta Katsina. Muka sayo fitilar sola mai fano da batir. Mai gyara ya ce kar a manna ta da gindin sanda, a ja da baya taku biyu a karkata ta sama, in ba haka ba ƙarfen kawai za ta haska. Ya ce kuma a riƙa goge fano, don ƙurar hunturu kan hana batir cika. Muka yi mata keji saboda awaki da masu dogon hannu.

Daren farko har hoto muka yi. Bayan sati guda muka tarar an juyo kanta ƙasa. Muka gyara, washegari an sake. Wallahi har mun fara zargin juna.

Ran nan bayan isha'i muka laɓe. Yara huɗu ne da kaye a hannu, masu shirin jarrabawar BEPC. Gidajensu babu wuta. Sun ɗora fitilar bisa bulo, sun zagaye ta suna bita. Babbar cikinsu ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, da mun gama za mu maida ta."

Bakinmu ya mutu. Wani dattijo cikinmu ya ce a bar musu, tutar ba za ta yi fushi ba. Wani ya ce ai ba don haka ya ba da kuɗinsa ba. Muka yi ta ja har dare, daga baya muka sake zagayawa da kwano.

Yanzu fitila biyu ce a wurin, guda na kallon sama, guda na kallon ƙasa, kuma yaran ne ke goge fano kowace safiya. Jiya mun ƙirga su goma sha ɗaya, tabarma ta yi kaɗan. Mai tsohuwar tabarma a gida, ya san inda muke.